TASHE CIKIN MARKA: WA YA KORI YARANMU DAGA ƘOFOFIN MAƘWABTA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa bayan an ɗebe tsammani, Wanda Ya sanya jinjirin wata ya zama ma'aunin lokaci ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa.

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin wasunku duk shekara idan azumi ya kai goma. Sai in ji yaro mai ƙoƙarin riƙo da addini, wanda nake kyautata wa zato, yana cewa: "Alhamdu lillahi, tashe dai ya mutu a garinmu, Allah Ya raba mu da bidi'a." Wani kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce zamani ne, abin da ya wuce ya wuce. Na ukunsu bai ma san me ake cewa tashe ba, amma ya san ranar 31 ga Oktoba, domin ya ga hotunan 'ya'yan Amurka a wayarsa sun yi shigar dodanni suna bin gidaje ana ba su alewa.

Ni ban yarda da ɗayansu ba, kuma dalilin wannan rubutu ke nan. Abin da nake son tabbatar muku shi ne, ɓacewar tashe a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye da su ba nasarar wa'azi ba ce. Alama ce ta cewa an ƙwace mana dare, an ƙwace mana amincin da ke tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Wanda ya yi murna da wannan shiru kamar wanda ya shiga gidan makoki ne ya yaba wa mutanen gidan da natsuwa.

MENE NE TASHE?

Saboda ƙannenmu da suka taso ba su iske shi ba, bari in yi ɗan bayani. Tashe wasa ne na dare da yaran Hausawa kan fara idan watan Ramadan ya kwana goma. Ana danganta sunan da tashin mutane domin sahur, aikin da tun asali gwagware ke yi da kiɗa da ƙaho, kuma har yau a Kano ana tunawa da sarautar Nalako, wato shugaban gwagware. Daga baya yara suka karɓi abin suka mai da shi nasu. Bayan an sha ruwa an yi sallar Isha'i, sai su kasu ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban, su bi gida-gida, su yi sallama, su yi ɗan wasan kwaikwayo da waƙa, a ba su abin da ya sawwaƙa, su yi addu'a su wuce gaba.

Kowane wasa da darasin da ke cikinsa. A Tsoho da Gemu, yaro ne zai liƙa gemun auduga, ya sa tsumma, ya dogara sanda yana tafiya da ƙyar, 'yan'uwansa suna nema masa taimako, domin a tuna wa jama'a haƙƙin tsofaffi. A Jatau Mai Magani, ana kwaikwayon mai tallar magunguna da ke da'awar warkar da kowace cuta. Akwai wasan malamin da ake tuhuma da taka rawa yana musantawa, wanda gugar zana ce ga duk mai faɗin abin da ba ya aikatawa. Tashen gwauro zolaya ce ga namijin da ya ƙi yin aure. 'Yan mata kuwa suna da nasu, irin su Mairama da Daudu, inda suke kwaikwayon zaman aure da nasihar da uwa ke yi wa ɗiyarta, suna kaɗa ƙwarya a kan ruwa. Muhammad Balarabe Umar ya tattara da yawa daga cikin waɗannan a littafinsa Wasannin Tashe, wanda aka buga a Zariya a 1981.

AZUMIN DAMINA

Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kimanin kwana 11. Saboda haka Ramadan yakan zagaya dukkan yanayin shekara, ya bi ta rani da bazara da damina da kaka, ya dawo inda ya faro bayan kimanin shekara 33. Wannan na cikin adalcin Ubangiji, don kada wasu su dawwama suna azumi cikin zafi wasu cikin sanyi. A ƙasarmu ta arewacin Zamfara ruwa yakan zauna daga Yuni zuwa Satumba, marka kuma ta fi ƙarfi a Agusta. Azumi ya faɗo cikin wannan lokaci daga 1977 zuwa 1982, ya sake dawowa cikinsa daga 2010 zuwa 2015. Wanda Allah Ya ba tsawon rai ya ga waɗannan zagaye biyu, ya ga ƙasa biyu mabambanta a wuri ɗaya.

Ina cikin yaran da suka yi tashe a Ƙaura a zagayen farko. A 1979 azumi ya kama a ƙarshen Yuli, tashe kuwa ya faɗo a tsakiyar marka. Duk wanda ya san noma ya san wannan shi ne lokaci mafi tsanani a gidan talaka. Hatsin bara ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, na bana bai nuna ba, maigida ya wuni yana noma da ƙishirwa, uwargida tana haɗa tafasa da rama don a ƙara auki. Fari da yunwar 1973 ba su gushe daga zukatan iyayenmu ba. Lunguna duk taɓo, gulbin Gagare ya cika ya batse, galibin unguwanni babu wutar lantarki, sai fitilar ƙwai da aci-balbal.

Amma duk da haka muna fita. Mukan kifa tsohon buhu a ka, wanda ya samu kabido ya zama sarki a cikinmu. Gemun auduga ya jiƙe ya saki, baƙin tukunyar da muka shafa ya zubo har wuya, tsohon namu ya zame a caɓi ya miƙe da gudu ya manta cewa shi tsoho ne, mutanen gida su yi ta dariya. Idan ruwa ya tsuge sai mu faɗa zauren da ya fi kusa, ko na wane ne, domin zaure ba shi da ƙyaure. Akwai wata tsohuwa a bayan unguwarmu, Allah Ya jiƙanta, da takan leƙo ta ce: "Ku shigo, mazajena, kada ruwan nan ya kashe mani ku." Mu ce: "Inna, mun gode." Ta hura mana wuta mu sha ɗumi, ta sa hannu a ƙwaryar da kowa ya san ta kusa ƙarewa, ta ɗebo mana gero cikin tafi. Babu uwar da ta hana ɗanta fita don tsoron kada a sace shi. Iyakar fargabarta mura, ko kunama, ko ya faɗa kwata.

Ku lura da wannan da kyau, ya 'yan'uwa. Akwai ruwa, akwai duhu, akwai talauci, amma tashe yana raye. Ashe ba ɗayansu ne ke kashe shi ba.

ZAGAYE NA BIYU

Da azumi ya sake dawowa damina, a 2011 ya kama daidai farkon Agusta, a 2012 da 2013 kuma cikin Yuli. A waɗannan shekaru ne satar shanu da ɗaukar fansa tsakanin 'yan sa-kai da mahara suka fara zama gobara a Zamfara. Damina, wadda a da take lokacin bege, ta koma lokacin fargaba, domin idan dawa da gero suka yi tsawo, daji ya rufe, mai bindiga yakan iso bakin gari ba a gan shi ba, motar jami'an tsaro kuwa ta kafe a laka. Uwar da ta ƙyale ɗanta ya ratsa marka a 1979, jikanta ne take kulle wa ƙofa tun Magariba a 2013.

Abin da ya biyo baya kun san shi, wasunku ma a jikinsu suka ji shi. A Fabrairun 2018 an kashe mutane da dama a Birane ta ƙasar Zurmi. A Yunin 2021 an afka wa Kadawa da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita, aka kashe fiye da mutum 50. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni, har kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa ci daga Nijar da kudancin Nijeriya, ta yi tsit. A Afrilun 2024 mahara suka shiga cikin garin Zurmi kansa da dare, suka kai har fadar sarki. A Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a yankunan Shinkafi da Zurmi, ta samu cewa ɗaya cikin kowane huɗu na fama da tamowa.

A Suratu Ƙuraish, Allah Ta'ala Ya ambaci ni'imomi biyu a jere, ya yi wa mutanen Makka gori da su: ƙoshi bayan yunwa, da aminci bayan tsoro. Iyayenmu sun rayu da ƙarancin ta farko, amma suna da ta biyu, shi ya sa suka iya buɗe zaure suka raba ɗan abin da ya rage. Mu kuwa an jarrabe mu da rashin duka biyun. Har yanzu akwai masu bin gida-gida da dare a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi suna karɓar hatsi da kuɗi, sai dai ba yara ba ne masu gemun auduga. Ƙarti ne da bindigogi, masu aza wa manoma haraji kafin su yi shuka, su sake aza musu kafin su girbe. Akwai kuma yaran da ke bin ƙofofi a Ƙaura da Gusau da kwano a hannu, waɗanda aka kore su daga garuruwansu, aka kashe iyayen wasunsu. Su ba kwaikwayon mabukaci suke yi ba. Wannan shi ne abin da ya maye gurbin tashe. To, wane mai hankali ne zai ce alhamdu lillahi da wannan musanya?

LAIFIN DA KE WUYANMU

Kada mu ɗora komai a kan 'yan bindiga, domin idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tun kafin tsoro ya gama da tashe a ƙauye, mu da kanmu mun fara lalata shi a birni.

Da farko mun rushe zaure mun kafa ƙofar ƙarfe. Mai hali ya ja katanga ya sa kwalabe a samanta, yaro ya yi sallama har muryarsa ta dushe babu mai jin sa, ballantana ya samu wurin fakewa idan hadari ya taso. Da aka rufe wa yara gidaje sai suka koma bakin kwalta da tashar mota da gaban shaguna. A cikin gida, uwa ce ke kallo, ta san ɗan wane ne wannan, ta gyara masa baitin da ya ɓata, ta tsawata masa idan ya yi rashin kunya. A kan titi babu mai wannan aiki.

Sannan kyauta ta tashi daga hatsi ta koma kuɗi tsagwaronsu. Tafin gero ba ya sa kwaɗayi, domin sai an tara na dare goma kafin a sayar a raba a yi hidimar Salla, kuma a cikin wannan tarawa da rabawa ne yaro ke koyon amana da shugabanci da lissafi. Da takardar Naira ta shigo, sai manyan samari suka ture ƙanana suka karɓe fagen. Wasan ya gajarce, waƙar ta zama ihu, a tare mota a ƙi matsawa sai an biya. Aka bar auduga da tsumma da dokin kara, waɗanda yaro ke haɗawa da hannunsa, aka koma sayen fuskar dodo ta roba a kasuwa, irin wadda aka ƙera don bikin Halowin na Turawa. Daga ƙarshe ɓata-gari suka fake da taron suna ƙwacen waya da faɗan daba, har ta kai rundunar 'yan sanda a Kano tana fitar da sanarwar hana tashe, kamar yadda ta yi a 2024 da 2025.

Ban ga laifin jami'in da ya hana taron da ake zubar da jini a cikinsa ba, aikinsa ke nan. Amma hani kaɗai barin jaki ne ana dukan taiki. Ɗan daba bai fara daba don tashe ba, kuma ba zai tuba don an hana tashe ba. Wanda hanin ya hukunta shi ne yaro ɗan shekara takwas da ya wuni yana tsefe auduga.

AMSA GA MASU CEWA BIDI'A NE

Yanzu bari in juyo gare ku, ƙannena masu kishin Sunna, kuma Allah Ya ƙara muku kishinta. Kalmar bidi'a tana da nauyi, ba a jifa da ita kamar tsakuwa. Imam Shaɗibi, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-I'itisam cewa bidi'a hanya ce da aka ƙirƙira a cikin addini, mai kama da shari'a, wadda ake bi da nufin bauta. To, ku gaya mini, wane yaro ne ya taɓa liƙa gemun auduga yana ganin ibada yake yi? Wane malami ne ya taɓa cewa azumin wanda bai yi tashe ba ya tawaya? Tashe al'ada ce, kuma ƙa'idar malamai ita ce asalin al'adu halacci ne har sai an samu dalilin hani. Ana auna al'ada da abin da ta ƙunsa: mai kyau a bar shi, mummuna a cire shi.

Ku duba yadda magabata suka yi da yara a lokacin azumi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz (RA) cewa matan sahabbai sukan sa 'ya'yansu ƙanana azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, idan yaro ya yi kukan yunwa a ba shi ya shagala har rana ta faɗi. Ashe haɗa azumi da wasa a zuciyar yaro tarbiyya ce da aka sani tun a Madina. Haka nan ya tabbata cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Manzon Allah (SAW), Nana A'isha (RA) tana kallo a bayansa, da Sayyidina Umar (RA) ya so ya kore su sai Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su. Addinin da ya yi wa manya rangwame su yi salla a gida a daren ruwa da sanyi, wanda a mazhabarmu ya ba liman damar haɗa Magariba da Isha'i saboda ruwan sama, ba shi ne zai ƙuntata wa yaro dariya ba.

Na san hujjojinku, kuma wasunsu gaskiya ne. Kun ce akwai cakuɗuwar maza da mata. A tashen da muka sani babu ita, 'yan mata cikin gida suke shiga wurin mata, inda ta shigo kuwa a raba. Kun ce akwai izgili. Lalle akwai wasannin da ke kwaikwayon wata ƙabila ko wani mai lalura don a yi dariya, kuma Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, saboda haka waɗannan a binne su, babu mai kuka. Kun ce yana shagaltarwa daga Tarawihi da goman ƙarshe. To, a tsayar da shi daga daren goma zuwa na ashirin, bayan an idar da salla. Kun ce koyar da bara ne. A nan kam ban yarda ba. Mai bara yana miƙa hannu ne kawai. Ɗan tashe kuwa ya yi shiri, ya haddace, ya yi wasa, an ji daɗi an saka masa, kuma ɗan sarki da ɗan malam da ɗan mahauci tare suke yi a ƙungiya ɗaya. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ina kuma roƙonku ku tambayi kanku: yaron da kuka hana tashe, ina ya tafi? Masallaci ya koma ya ɗauki Alƙur'ani? Mafi yawansu suna ɗaka da wayar yayyensu, suna kallon abin da babu uwar da ta tace shi a TikTok da YouTube har sahur. Kun rufe ƙofar da kuke iya gani, kun bar wadda ba ku iya gani a buɗe.

BA MU KAƊAI BA NE

Masu jin kunyar al'adarsu su sani cewa Musulmin duniya da yawa suna da irin wannan, kuma ba su yar da nasu ba. A Kuwaiti da Bahrain da gabashin Saudiyya yara kan bi gidaje a tsakiyar Ramadan suna waƙa ana ba su alewa da gyaɗa, suna kiran abin Gargi'an, a Ƙatar kuma Garangawo. A Masar har yau akwai mai bin unguwa da ganga yana tayar da mutane sahur. A Bamako ta Mali, daga goma ga azumi yara maza kan yi Yogoro, mata su yi Salawale. A Wagadugu ta Burkina Faso akwai wasan azumi da ake kira Dodo, wanda masana suka ce fataken Hausawa ne suka kai shi, sunan ma ya isa shaida. Wasu sun karɓi abinmu sun riƙe, mu masu shi muna neman kabarin da za mu sa shi. Amurkawan da ake sha'awa kuwa, idan aka yi ruwa a daren bikinsu, lema suke ɗauka su raka 'ya'yansu, wasu garuruwan su ɗage zuwa wata rana, wasu su mayar da shi harabar makaranta. Ban kawo su don mu yi koyi da bikinsu ba, domin asalinsa ba namu ba ne, kuma ba mu da bukatarsa. Na kawo su ne don ku ga yadda mutane ke wahala a kan abin da suka ɗauka na 'ya'yansu ne.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na farko, rai ya fi wasa. Inda babu tsaro kada wanda ya tura ɗansa waje da dare da sunan raya al'ada, domin kare rai na cikin manyan manufofin shari'a. Amma kada mu saba da wannan hali har mu ɗauka haka Allah Ya halicci ƙasarmu. Haƙƙi ne a kan shugabanni, tun daga kansila har zuwa shugaban ƙasa, su dawo mana da darenmu, kuma Allah zai tambaye su. Ni a wurina, ranar da za a ce tsaro ya dawo ita ce ranar da yara za su fita tashe a Moriki da Badarawa da Kurya su dawo lafiya, iyayensu mata ba su tsaya a bakin ƙofa da zullumi ba. Duk wata sanarwa da ba ta kai nan ba, magana ce kawai.

Na biyu, a cikin garuruwan da ake da ɗan sauƙi, mai unguwa da liman da malaman Islamiyya su zauna su tsara abin. A taƙaita shi ga yara ƙanana, a cikin unguwarsu, a gidajen da aka san su. Idan dare na da haɗari a yi shi bayan La'asar, ko a harabar makaranta, iyaye su zo su kalla. Babu sanda, babu fuskar roba, babu tare hanya. Samari irinku ku zama masu rakiya da tocila.

Na uku, ku buɗe ƙofa. Ku tanadi dabino da ƙosai da ɗan hatsi saboda su. Ku jawo 'ya'yan 'yan gudun hijira cikin ƙungiyar 'ya'yanku, a raba da su daidai, domin yaron da ya yi wasa da ɗanka yau da wuya ya ɗauki makami a kansa gobe. Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Maƙwabtaka kuwa ba ta ginuwa tsakanin mutanen da 'ya'yansu ba su taɓa shiga gidajen juna ba.

Na huɗu, ku da Allah Ya ba ilimin zamani, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura da na Jami'ar Tarayya ta Gusau da sauransu, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya. Ku je wurin kakanninku, musamman waɗanda aka raba da ƙauyukansu, ku ɗauki wasannin da suka sani da karin harshenmu na Zamfara kafin su koma ga Mahaliccinsu. Masu baiwar waƙa a cikinku su tsara sababbi masu tsabta, a kan gaskiya da riƙon amana da illar ƙwaya da zaman lafiya tsakanin Bahaushe da Bafulatani, waɗanda kakanninsu suka yi sahu ɗaya a bayan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Namodan da Ƙaura ke amsa sunansa yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808.

A 2025 azumi ya kama a watan Maris, yana ci gaba da ja baya zuwa cikin sanyi. Bisa lissafi, ba zai sake faɗowa cikin damina ba sai wajen 2042 zuwa 2047. Da yawa daga cikinmu masu furfura ba za mu kai ba, sai wanda Allah Ya so. Ku ne za ku zama iyaye da masu unguwanni da limamai a lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuna son a samu yaran da za su san yadda ake sallama a ƙofar maƙwabci, da maƙwabcin da zai ce musu su shigo ruwa ya tsagaita, to aikin daga azumi mai zuwa zai fara.

Ya Allah Ka ciyar da mu daga yunwa, Ka amintar da mu daga tsoro. Ya Allah Ka jiƙan waɗanda aka kashe, Ka kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ka mayar da waɗanda aka kora gidajensu. Wanda ke da rabon shiriya cikin masu wannan ta'asa Ka shirye shi, wanda ba shi da rabo Ka isar mana da shi. Ka shirya mana zuriyarmu, Ka ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.